Goro ya biyo ta ƙofar gidanmu

Shekarar da na fara zana bak na faɗi, kuma ba zan ce ban yi karatu ba. Na yi, amma na sati biyu. Wata takwas na farko na kashe su ina cewa sai gobe. Da jarrabawa ta rage kwana 15 tsoro ya kama ni, na shiga abin da mu ƴan lise a Gaya muke ce ma kwanan zaune: bayan lisha kofi mai kauri, tsakar dare shayi, wajen ƙarfe uku in ɓare jan goro in tauna don kada ido ya rufe. Ranar takardar tarihi, wadda duk ajinmu an san na fi iyawa, na karanta tambaya na gane ta sarai, na rubuta layi kamar goma, sai na ce bari in kifa kaina bisa tebur na minti ɗaya. Mai tsaron aji ne ya taɓa kafaɗata. Saura minti 20 a karɓi takardu.

Na koma Yelu da kayena cikin buhu. Damanar nan ko gona ban yi ta kirki ba. Ba ciwo nake ba, jiki ne kawai ya mutu. In tashi hantsi, in tafi fada, a ɗora shayi, a sha na ɗaya, na biyu, na uku, a watse, a dawo da dare. Idona biyu har asuba, amma in an ce in buɗe littafi sai in ji kamar an ce in ɗauki turmi.

Kakana na wajen uwa yana saida goro a faifai. Ran nan na tsuguna gabanshi na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya, ya buge mini hannu ya ce, "Kai raggo, jikan ɗan ayari, wai goro na ya kashe ka? Kakana da ƙafa ya tai Gwanja, bai ci ko ɓare guda cikin kayan ubangidanai ba." Na ce, "Tsoho, to me ke hana mishi barci?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, bai ba ni amsa ba. Wasan kaka da jika ne, amma tambayar ta zauna mini. Ita ce ta kai ni ga abin da nake so in ba ku labari a nan.

Goro ba ya fita a ƙasarmu. Itacen kurmi ne, yana son ruwa da inuwa. Irin da Bahaushe ya fi so, mai ɓare biyu, ƙasar Tonawa ce gidanshi a wancan zamani, wato Asanti, cikin Gana ta yau. Mai ɓare da yawa, hannunruwa, ba a ɗauke shi bakin komai ba a kasuwannin arewa. To ka ga tsakanin mai itace da mai baki akwai tafiyar wata biyu zuwa uku, kuma a cikin wannan tazarar ne aka gina ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fatauci na Afirka ta Yamma. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya ambaci goro tun ƙarni na 15, cikin kayan da Sarkin Nufe ya aika ma Amina ta Zazzau, ya kuma ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja aka buɗe hanyar Gwanja. Masana na gardama a kan shekarun Amina, amma ba wanda ke musun cewa hanyar tsohuwa ce.

Abin da ya hura ma cinikin wuta shi ne ƙarni na 19. Bayan jihadin 1804 giya ta zama abin ɓoyo a birane, goro kuwa halal ne, malami na ci, sarki na ci, amarya na ci. Ya shiga ɗaurin aure da suna da zaman makoki, ya shiga bakinmu har yau: goron sallah, goron gayyata, goron albishir. Ko cin hanci, in ana so a yi mishi ado, sai a ce na goro. Tonawa kuma sun san abin da ke hannunsu. Tun tsakiyar ƙarni na 18 suka ɗora hannu a kan Gwanja, suka kuma hana fataken arewa shiga kurmi su saya da kansu. Sai dai ka tsaya Salga, a kawo maka. Shi ya sa Bahaushe ke cewa goron Gwanja, alhali Gwanja kasuwa ce kawai, ba ita ke da itacen ba.

Yanzu ɗauki taswira ka ja layi daga Kano ko Sakkwato zuwa Salga. Dole ka ƙetare kogin Kwara, wanda Dandawa ke ce ma Isa. Wasu ayarori ta Yawuri ko Busa suke fito, wasu kuma, musamman waɗanda suka biyo ta kasuwar Jega, ta Ilo ko ta nan Gaya. Daga can su faɗa Bargu, Kandi, Niki, Jugu, ko su yi yamma ta ƙasar Gurma su ɓulla Sansanin Mangu, sannan Yandi, sannan Salga. Dubi sunayen da kyau. Fada Ngurma ta Burkina, fadar nan da ke cikin sunanta kalmarmu ce. Kuma in ka taɓa mamakin yadda aka yi mutanen Jugu da Faraku da Kandi, can tsakiyar Benin, suke jin Dandanci, amsar ita ce hanyar nan: harshen ya bi ƴan kasuwa ya zauna a unguwanninsu. Mu da aka koya ma cewa muna ƙarshen ƙasa, inda kwalta ta ƙare a bakin gada, a wancan lokaci muna tsakiyar hanya ne.

Kuma ba kallo kawai kakanninmu suka yi ba. Kwarin Foga yana da gishiri. A kankare ƙasa, a tace da ruwa, a dafa har ya daskare, aikin da har yanzu wasu ƙauyukanmu ke yi da rani. Baturen nan na Jamus, Barth, ya ratsa kwarin a 1853 kan hanyarshi ta zuwa Sayi, ya ga masu dafa gishiri, ya kuma tarar da ƙasar cikin yaƙi, don Kabawa da Dandawa da Zabarmawa sun tayar ma Gwandu. Gishirin nan na cikin kayan da ke gangarawa kudu. Kakan kakana, in ji tsohon, ta nan ya shiga ayari: korar jakuna ya fara yi ma wani falke.

Me ake kaiwa Salga? Kanwa, riguna da zannuwan rini na Kano, kayan fata, busasshiyar albasa, shanu, dawaki. Da mutane. Wannan wurin ba na son a yi ta tsallake shi in ana kirarin fatake. Salga kasuwar bayi ce babba, kuma wani ɓangare na goron da aka raba a bukukuwan Kano da Sakkwato da kuɗin ɗan wani aka saye shi. Wasu daga cikin masu ɗaukar kayan ma bayi ne. In na ce ayari ya burge ni, ban manta da wannan ba.

Girman abin fa? A 1826 wani Baturen Ingila, Clapperton, ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama ta Bargu suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutum sama da 1,000, maza da mata, da dabbobi kamar haka. Ka yi tunanin gari guda ne ya tashi yana tafiya. Manyan masu sana'ar sun zama dangi-dangi: Agalawa, Tokarawa, Kambarin Barebari. Tafiya da dawowa kan cinye rabin shekara, wani lokaci shekara cur.

To ga inda na yi ta juya tambayata. Mutum 1,000, kowa da gajiyarshi, kowa da ranar da zai tashi ya ji ba ya son komai. Me ke tada su kullum kafin gari ya waye, wata da watanni?

Da na bi yadda ayari ke aiki sai na ga ba a bar ma kowa zaɓin ya ji yana so ko ba ya so ba. Madugu shi ke da magana ta ƙarshe, shi ke zuwa gaida sarakunan hanya, a yi ciniki kan kuɗin wucewa. Jagaba na gaba da makami, ya san inda ruwa yake, ya san dajin da ƴan fashi ke kwanto, kuma Bargu ta yi suna a wannan. Uban dawaki na tara kason kowa na kuɗin fito da gaisuwa. Akwai malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Mata na dafa abinci su saida a zango, da safe su ɗauki nasu kayan. Tafiyar ma an yanka ta gunduwa-gunduwa: ba wanda ke tashi da safe ya ce yau zan je Gwanja, zango na gaba kawai za a kai, kafin rana ta yi tsanani a sauke. In ka makara, ba tsawa za a yi maka ba, tafiya za a yi a bar ka, kai da jakinka, a dajin da ba ka san kowa ba. Ga bashin mai kaya a wuyanka, ga mutanen gida da suka san ranar da ka fita.

Sannan kayan da kansu ba sa barin mutum ya yi sakaci. Wannan tsohon ne ya nuna mini da hannunshi, don shi ma ya yi dakon huhun goro a Kumashi yana saurayi, har lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙi a ƙarshen 1969 ya dawo gida da tabarma da buta. Goro rai gare shi. In ya bushe ya tashi daga aiki, in ruwa ya yi mishi yawa ya ruɓe. Sai an jera shi cikin ganyen fita, a ɗaure, bayan ƴan kwanaki a kwance, a yayyafa ruwa, a canza ganye, a bi shi ɗaya-ɗaya ana neman wanda sankara ta taɓa, don ƙwaya guda na iya ɓata huhu. Ana ƙirga shi da ƙwarya, ƙwarya ɗaya goro 100. Ka yi tafiyar yini, ka sauke, wasu na hutawa, kai kana tsugune kana tsintar marsa daban, ƙanana daban. Kuma duk taki ɗaya da ka yi arewa kuɗin ƙwayar nan ƙaruwa yake. Shi ya sa mai korar jaki ba ya kai hannu. Mai ɗauke da maganin barcin ƙasar Hausa duka, shi da guminshi da tsoron madugu yake tafe.

Wannan ne ya ba ni haushi da kaina, don ni na juya abin ne. Na sami goron, ban da ayarin.

Bari in faɗi abin da goron ke yi, don kar a ce na raina shi. Abin da ke cikinshi sunanshi kafeyin, shi ne dai ke cikin kofi da shayi. Wani masanin Jamus, Runge, ya fara ware shi daga ƙwayar kofi a 1819. Goro na ɗauke da kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinshi, wani ya ɗara haka. Turawa ma sun gane amfaninshi: lemun Coca-Cola da aka fara haɗawa a Atlanta ta Amurka a 1886, rabin sunanshi na goro ne. Yadda yake aiki kuwa, tun da ka farka da safe wani sinadari da ake kira adenozin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, yana zama a wasu gurabe, yawanshi ne ke ce maka ka gaji. Kafeyin sai ya riga shi zama a guraben. Adenozin bai tafi ko'ina ba, yana nan yana ƙaruwa a bakin ƙofa, kai ne kawai ba ka jin sallamarshi. In kafeyin ya janye, duk su shigo lokaci ɗaya. Abin da ya same ni ke nan a ɗakin jarrabawa. Bashi na ci na dare 15, mai bashi ya zo ranar da ya ga dama.

Kuma ba ya saurin fita. Bayan awa biyar ko kusa, rabin abin da ka sha yana nan a jini. Shayin ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana tare da kai har kiran assalatu. Ko ka yi barci, ba mai nauyi ba ne, alhali cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta da rana. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, kamar kofi huɗu ke nan, mai ciki kuma rabin haka. Jiki kuma na sabawa, abin da ɓare guda ke yi maka bana, baɗi sai biyu, ranar da ba ka samu ba kai ya yi ta sara. Tambayi duk tsohuwar da goronta ya yanke ran farko na azumi.

Duk wannan a kan ido ne. Ba inda kafeyin ke sa mutum ya so abin da zai yi da idon. Na gwada, wata huɗu.

Hanyar Gwanja ba ta mutu rana ɗaya ba. A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumashi, Salga ta yi amfani da damar ta ɓalle daga Tonawa, su kuma suka karkatar da goronsu zuwa Kintamfo da Atebubu. Kasuwa ta fara bushewa. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa garin, ƴan zango suka watse, da yawa suka koma Karachi a bakin kogin Bolta, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan marubucin waƙoƙi haifaffen Kano, wanda shi ma ɗan falken goro ne. Sai Turawa suka zo da alƙalami. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta tsaga Bargu biyu, Niki ga Faransa, Busa da Ilo ga Ingila, Jamus kuma ta riƙe Togo. Hanya ɗaya ta koma ƙarƙashin tuta uku, kowace da duwan ɗinta. Abin da ya ƙarasa ta jirgi ne. Goro ya fara bin teku daga Ankara ta Gana zuwa Ikko, dogo kuma ya iso Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ne da ya san hanyar ƙafa, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goronsu a jirgin ruwa. Daga baya manoman Yarbawa wajen Agege da Shagamu suka dasa irin mai ɓare biyu, har ya zama ba sai an je Gana ba. Goron da tsohon ke saidawa yau ta Kamba yake shigowa, cikin mota.

Goro ya yi araha, talaka ya samu, amma mu matasa mun bar ma tsofaffi shi, wai yana ɓata haƙori. Muka kama shayi. Shi ma baƙo ne: ganyen Sin ne da ya shiga Maroko ta jiragen Turawa, ya bazu a ƙarni na 19, Larabawa da Buzaye suka gangaro da shi ta hamada. Fada irin wadda muka sani kuwa ba ta tsufa ba. Ta yaɗu ne daga shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya daina jiran mai takarda, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Samari masu birbe da bak suka sami kansu da yini cur ba inda za su kai shi. Shayi mai zagaye uku, wanda ake dafawa a hankali bisa gawayi, ya dace da wannan yinin kamar an auna.

Ba zan zagi fada ba, wallahi. Lokacin da na faɗi, su ne ba su yi mini dariya ba. Fada na da shugaba, tana da ma'aji, ana tara dala-dala, in ɗayanmu ya kwanta asibiti ko zai yi aure ita ke tsayawa. In ka duba da kyau duk kayan ayari na nan, har da madugu. Zango ne da ba a tashi daga gare shi. Kuma ban ga laifin wanda ya ce mini, tashi mu je ina? Tun da aka toshe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, gadar da tun 1958 take ciyar da garin, na ga masu dako da ƴan kabu-kabu da yaran mota da aikinsu ya tsaya cak, wasu suka koma jiran kwalekwale. Wanda bai da aiki ba kasala ke damunshi ba, kada mu haɗa su. Ni nawa daban ne, aikin na gabana, littafi ne, na kasa buɗewa.

Wanda ke ba ni tsoro shi ne mataki na gaba, don na ga abokai sun taka shi. In kofi ya daina aiki sai a jefa tiramol a ciki. A sani, tiramol ba ɗan'uwan goro ba ne ko kaɗan. Maganin ciwo ne dangin ofiyom, yana kama mutum, in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, yana iya tsaida numfashi. Wani da muka yi firamare tare, don ya yi noman kwana biyu a yini ɗaya ya fara. Yanzu ko noman yini ɗaya ba ya yi sai da shi.

Da aka koma lakwal na sake rajista. Mu huɗu ne daga fadarmu da muka faɗi, muka yi shawara a gidan da muke haya a Gaya. Muka naɗa ɗaya madugu, wata ɗaya-ɗaya ana juyawa. Bayan sallar asuba ake zama, awa biyu, kafin a tafi aji. Ba a cewa yau za a yi tarihi, sai dai a ce shafi kaza zuwa kaza, in an kai a rufe ko da ana jin daɗi. Wanda ya makara ba a tada shi, amma shi ke sayen gawayin sati. Shayi sau ɗaya, da safe, bayan la'asar ba a ɗora buta. Sati uku na farko kaina kamar zai tsage, kuma akwai safiyoyi da yawa da ban ji ina son komai ba, na tashi ne kawai don ina jin motsinsu a tsakar gida kuma ba ni da kuɗin gawayi. Mu uku muka samu. Na huɗun ya faɗi kuma, duk da ya fi ni tashi da wuri, yanzu yana saida mai a kwalba a hanyar Kamba, kuma har yau ban san abin da zan ce mishi ba in mun haɗu.

Da sakamako ya fito na je Yelu na tarar da tsohon ya baje goro bisa buhu yana yayyafa ruwa. Na faɗa mishi. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya su ɗaya-ɗaya, ya ware wani da sankara ta huda ya jefar, sannan ya zaɓo fari babba ya miƙo mini. Na kai baki, ya ce, "A'a. Kai ma uwarka, goron albishir na. Dala ashirin, in ka samu aiki ka biya ni."